Bazawarar Kalanda

Litinin, 6 ga Mayu 2024, bayan la'asar

Wannan littafin ma da fuskata a bangonsa. Na kifa shi, na fara rubutu daga baya.

An yi taro yau a ofishinmu na Kazaure. Hajiya Halima Sa'adiyya, wadda ta kafa ƙungiyar Madogara don matan da mazansu suka rasu, ta ce ranar takwas ga Yuni za mu yi bikin cika shekara goma. Baƙin Abuja da ke tallafa mana za su zo su gani da idonsu kafin su sabunta alkawari. Musaddiƙ, mai kula da hotuna da labaranmu, ya raba mana takarda mai shafi shida, ya ce daga yau duk mai magana da sunan ƙungiya sai ya bi ta. Koren da za mu sa iri ɗaya ne, ba kowane kore ba. Kada a ce "talakawa", a ce "iyayenmu mata". Kada a ce "mun ba su", a ce "mun tsaya tare da su". Kada ma'aikaci ya yi zancen gidansa a wurin rabo. Takenmu yana nan yadda yake: Daga takaba zuwa dogaro da kai.

Shafi na huɗu ni ce. An rubuta: Fatu ita ce fuskar Madogara. Ni zan yi jawabi gaban baƙi.

Warin fentin sabon allo ya tayar min da zuciya, na zaga bayan ofis sau biyu. Hajiya ta bi ni da kallo. Hijabin da na sa yau na Inna ne, ya fi nawa faɗi.

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko zan ji sauƙi.

A daminar shekara huɗu da ta wuce Maigida yana dawowa da shanu daga arewa, ƙorama ta cika, ruwa ya ɗauke shi a gaban abokan tafiyarsa. Sandarsa da malafarsa kawai aka kawo mana rugarmu da ke bayan Gwiwa. Mutum uku suka shaida, liman ya ce in shiga takaba. Ina cikin takaba Hajiya ta zo da gero da akuya. Musaddiƙ ya ɗauke ni hoto ina riƙe da igiyar akuyar, 'yata Sadiƙa tana goye a bayana. Ban ma san ya ɗauka ba sai daga baya.

Hoton nan shi ya kawo baƙin Abuja. Daga shi aka zana tambarin ƙungiya, aka yi masa rajista, aka buga shi a mota da riguna da buhuna da kalanda. Hajiya ta sa ni ajin yaƙi da jahilci, ta ba ni aiki saboda ina jin Fillanci da Hausa. Rubutun nan da nake yi ita ce sanadinsa.

Bayan wata tara Maigida ya shigo ruga da ƙafarsa, yana ɗingishi. Wasu manoma a ƙetaren iyaka suka tsamo shi, ya bugu a kai, ya daɗe bai san kansa ba. Liman ya ce aurenmu yana nan. Hajiya da kanta ta zo barka, har ta yi kuka. Da na yi mata zancen kalanda sai ta ce, "A hankali za mu gyara, 'yata."

Shekara uku ke nan da a hankali.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan magariba

Cikina wata biyar. Inna ta lissafa, ta ce wata biyar da 'yan kwanaki.

Asabar, 11 ga Mayu, da yamma

Maigida ya dawo daga Babura da dusar shanu. A buhunmu aka zuba masa, irin wanda muke rabo da shi, mata su sayar in ya zama fanko. Ya ajiye shi a tsakar gida, fuskata tana kallon sama.

Ba ya karatun boko. Ya ce mai dusar ne ya karanta masa, yana nuna hoton da yatsa: Fatu, wadda ruwa ya ci mijinta.

Na ce, "Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce Allah ya jiƙansa. Shi kuma ya ce amin."

Ya yi dariya. Na kawo tuwo, ya ci loma biyu ya wanke hannu, ya tafi wurin shanu. Na juye dusar a kwando, na naɗe buhun na cusa ƙarƙashin gado. Ban san abin da ya hana ni ƙona shi ba.

Talata, 14 ga Mayu, bayan azahar

Rabon awaki a Roni. Zafi kamar ƙasa za ta tsage.

Shugabar matan Roni ita ce Baba Rahamatu, tsohuwa, mazanta biyu ta binne. Tun da na fara aiki take kirana 'yar'uwa. In an zo wurin da sababbin mata ke ba da labarin yadda suka rasa mazansu, kusa da ni take zama, ta riƙe min hannu, wai kada abin ya tayar min da nawa.

Yau na sunkuya zan kwance akuya, iska ta manna min hijabi a jiki. Da na ɗago idonta yana kaina. Ta ja ni gefe, ƙarƙashin darbejiya, ta rage murya.

"'Yar'uwa, an ɗaura miki wani auren ne ba mu ji ba?"

Musaddiƙ yana tsaye taku biyar daga wurin da kyamara. Takardarsa ta ce kada a yi zancen gida a wurin rabo. Na ce, "Baba, bari in je in ƙirga awakin."

Abin da na ce ke nan. Bari in je in ƙirga awakin. Da na ce eh, da na ce a'a, da duk sun fi wannan.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Ban je aiki ba. Na ce kaina ke ciwo.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Na sami Hajiya a gidanta. Ta sa aka kawo min zoɓo, ta sa aka kunna fanka ta fuskance ni. Ta riga ta sani. Ta ce tun watan jiya ta gane daga tafiyata, ta yi min addu'a, Allah ya raba lafiya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, mata sun fara gani. Waɗanda suka san ni ta kalanda kawai, me za su ɗauke ni?"

Ta ce, "Fatu, ba ƙarya muka rubuta ba. Ranar da aka rubuta, gaskiya ce."

Na ce, "Yau fa, Hajiya?"

Ta ce in bari sai bayan takwas ga wata. Ta ce baƙin nan ba su san Roni ba, ba su san Gwiwa ba, ba su san Baba Rahamatu ba, ni suka sani. Shekara shida ta yi tana aika musu takardu da sunayen mata ɗari biyu, ko amsa ba su ba ta ba, sai da suka ga mace ɗaya da igiyar akuya. In suka ji yanzu cewa mijin yana raye shekara uku ba a faɗa musu ba, ba za su tambayi dalili ba, za su tambayi sauran me aka ɓoye. Mata ɗari huɗu ne yanzu a hannunmu.

Ta ce, "Ni ma na yi takaba ina da shekara talatin da ɗaya. Da fuskata za ta jawo wa matan nan ko tiya ɗaya ta gero, da na ba da ita. Amma wa zai tausaya wa 'yar gidan hakimi?"

Ta shiga ɗaki ta fito da hijabi kore, sabo, har ƙasa. Ta ce an ɗinka min ne musamman, kuma ranar taro za a sa tebur mai tsayi a gabana.

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Matar nan ta yi min rana lokacin da dangin Maigida suke rabon shanunsa a gabana. Da wane baki zan ce mata a'a.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

Bayan takwas ga wata. Kwana ashirin da biyu.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan azahar

Mata uku daga Roni sun mayar da katinsu na ƙungiya. Ba su faɗi dalili ba.

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga tasha ya dinga kallona ta madubi. Da na sauka ya ce, "Ke ce ta kalanda ko? Allah ya shirya." Ya ƙi karɓar kuɗina.

Na shiga sito na zauna a kan buhuna. Ko'ina na juya ni ce.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Akwai saƙon murya da ke yawo a waya. Musaddiƙ ya kira ni ofishinsa ya kunna min, bai kalle ni ba. Muryar wata mata ce, ban san ta ba. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Ta kira ni bazawarar kalanda, ta kira abin da ke cikina da wani suna.

Musaddiƙ ba mugu ba ne. Idonsa ya yi ja, ya ce shi ya ɗauki hoton, shi ya jawo min. Sannan ya ce ya samo mafita, kuma mafitar za ta ƙara wa labarin kyau. Za mu ce na yi sabon aure. Madogara ta tsayar da ni da ƙafata har wani mutumin kirki ya gani ya aure ni. Za a ɗauke mu hoto tare da Maigida, a ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin take. Ya ce ta haka bakin mutane zai mutu, baƙi za su ji daɗi, tambari ba zai taɓu ba.

Na ce, "Wato Maigida zai zama mijina na biyu?"

Ya ce, "A takarda kawai, Anti Fatu. Sunan na farkon ai ba mu taɓa bugawa ba."

Na ce zan yi tunani. Abin da ya fi ba ni tsoro, a mota ina ta tunanin da gaske. Har na ji sanyi a raina na ɗan lokaci.

Alhamis, 23 ga Mayu, da asuba bayan salla

Na faɗa wa Maigida jiya kafin magariba, yana ɗaure maraƙi. Bai ɗago ba har na gama. Ya ƙulla igiyar, ya gwada ƙarfinta.

Ya ce, "To Sadiƙa 'yar wa ce?"



Ya ce, "In ni ne na biyu, agola ce a gidan ubanta. Ruwa ya ɗauke ni ya dawo da ni. Su kuma sun ɗauke ni sun ƙi dawo da ni."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan a kan abin ba.

Asabar, 25 ga Mayu, da rana

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse. Abin da ke cikina yana motsi sosai yau, musamman in na kwanta ta hagu.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Maigida ya biyo ni Kazaure. Bai ce min zai zo ba, a tasha na gan shi ya shiga gaban motar. Da muka isa bai shiga ofis ba. Ya zauna a bencin maigadi, daidai ƙarƙashin sabon allon, ya jingina sandarsa. Duk wanda ya wuce ya gaishe shi, ya amsa. In an tambaye shi wa yake jira, sai ya ce, "Iyalina."

Haka ya wuni. Ya yi azahar a masallacin layin ya dawo benci.

Talata, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Ya sake zuwa. Shanu suna hannun ƙanensa.

Laraba, 29 ga Mayu, da yamma

Ya sake zuwa. Hajiya ta sauka daga mota ta gan shi, ta tsaya ta ce, "Malam Mamuda, ina wuni, ya jiki?" Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya ce jiki alhamdu lillahi, yana nan da ransa. Ban san ko da gangan ya faɗa haka ba.

Ta kira ni ciki. Ta ce, "Ki roƙar min shi ya daina zuwa. Kwana goma ne." Muryarta ba ta faɗa ba ce, ta gajiya ce. Na ga maganin hawan jini a kan teburinta.

A hanya na roƙe shi. Ya ce bai zagi kowa ba, bai shiga ofishin kowa ba, benci ne kawai. Na ce Hajiya ce ta tsaya mana lokacin da ba ya nan. Ya ce ya sani, shi ya sa yake zaune a waje.

In na shiga ofis ina jin kunyarsa. In na fito ina jin kunyarta.

Juma'a, 31 ga Mayu, da hantsi

Gwajin jawabi. Musaddiƙ ya kafa kyamara a ɗakin taro, na sa koren hijabi, na tsaya bayan tebur. Takardar ita ce dai wadda na saba karantawa shekara uku. Sunana Fatu. Ni 'yar ruga ce daga Gwiwa. A daminar da ruwa ya ci mijina.

A nan na tsaya. Sau bakwai muna maimaitawa. Da can ina faɗa ba tare da na ji komai ba, kamar ina karanta sunayen masu karɓar akuya. Yau ta taga ina hango ƙeyar Maigida da malafa.

Musaddiƙ ya kashe kyamara ya ce in huta, zafi ne.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan magariba

Ruwan farko ya sauka. Kowa yana murna. Saura kwana bakwai.

Lahadi, 2 ga Yuni, da rana

Ina yi wa Sadiƙa kitso ta ce min wata yarinya a makarantar allo ta ce babanta na gaskiya yana cikin ruwa, wannan na gida wani ne. Shekararta shida. Ta tambaye ni kamar tana tambayar ko akwai sauran fura.

Na ce wannan na gida shi ne babanta, babu wani. Ta ce to. Na ja gashin da ƙarfi har ta yi ƙara, na ba ta haƙuri.

Ashe maganar ta zagayo har inda aka san gaskiya.

Talata, 4 ga Yuni, da safe

Ban rubuta komai jiya ba. Na ɗauki biro na ajiye.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Ban gaya wa Hajiya ba, ban gaya wa Musaddiƙ ba. Na ce wa Maigida yau ba Kazaure za mu ba, Roni za mu. Ban sa koren hijabi ba, na sa nawa na da, wanda ba ya ɓoye komai.

Alhamis ce ranar da matan suke haɗuwa a zauren Baba Rahamatu. Sun kai talatin. Da na yi sallama amsar ta fito a yayyanke, wasu suka kau da kai. Na bar shi a ƙofar zaure, na durƙusa a tsakiyarsu na faɗa musu tun daga sanda da malafa har zuwa ranar da ya shigo ruga yana ɗingishi. Na ce ga shi can a waje, shi ne uban Sadiƙa, shi ne uban wannan.

Babu wadda ta yi motsi. Baba Rahamatu ta tashi da ƙyar, ta leƙa waje, ta daɗe tana kallonsa. Ta dawo ta zauna.

Ta ce, "Shekara uku ina riƙe miki hannu."

Na ce, "Ki yafe min, Baba."

Ta ce, "Ba hannun ne ya dame ni ba. Yarinya, duk matan nan da kike gani, babu wadda ba ta taɓa jin motsi a ƙofa ta ce ko shi ne ba. Ni har yau ina yi. Ke naki ya shigo, kika ɓoye mana. Da kin faɗa, da mun yi guɗa, mu ma mu ce a cikinmu akwai wadda aka mayar wa."

Wata daga baya ta ce ita ba ta ga abin guɗa ba, an yi shekara uku ana sa su kuka a gaban mai miji. Ita ma gaskiyarta ce. Ta ɗauki takalminta ta fita, mutum biyu suka bi ta.

Baba Rahamatu ta sa aka kai wa Maigida ruwa da tabarma. Da za mu tafi ta ce, "Jibi me za ki faɗa wa baƙin?"

Na ce ban sani ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, bayan azahar

Labarin Roni ya riga ni isa ofis. Hajiya ba ta kira ni ba. Musaddiƙ ya miƙo min takardar jawabi, tsohuwar, ba a canza ko harafi ɗaya ba. An kafa rumfuna, an kawo tebur mai tsayi.

Asabar, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Na faɗa.

Litinin, 10 ga Yuni, da hantsi

Sai yau na iya rubutawa.

Na karanta takardar yadda take har zuwa daminar da ruwa ya ci mijina. Sai na ajiye ta na ce, bayan wata tara Allah ya dawo da shi, ga shi can a bakin rumfa da sanda. Na fito daga bayan teburin. Ban shirya fitowar ba, ƙafata ce ta yi.

Guɗa ɗaya aka yi, ta Baba Rahamatu, doguwa, ita kaɗai. Musaddiƙ ne ke fassara wa baƙi da Turanci. Ya tsaya, ya kalli Hajiya. Ta ɗaga masa kai, ya fassara. Shugabar baƙin ta yi tafi tare da mutane, sannan ta rubuta wani abu a littafinta, ta daɗe tana rubutawa.

Bayan an ci abinci suka shiga ofis da Hajiya, aka rufe ƙofa kusan awa biyu. Da suka fito Hajiya ta raka su mota tana murmushi. Ta wuce ta gabana ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Fatu." Ba ta ce 'yata ba.

Maigida ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Alhamis, 13 ga Yuni, bayan azahar

Baƙi sun aiko da saƙo. Ba su janye ba, ba su sabunta ba. Za su turo mai bincike bayan Salla ya duba duk labaran da muka taɓa aika musu. Rabon watan gobe an dakatar. Matan Yankwashi su ashirin da aka yi wa alkawarin awaki sai su jira.

An mayar da ni aikin sito da tafinta. Babu wanda ya yi min faɗa. Da an yi da ya fi sauƙi. Tambarin yana nan, Musaddiƙ ya ce zane ne ba hoto ba, kuma canza rajista ba aikin wata ɗaya ba ne. Kalanda sai shekara ta ƙare.

Saƙon muryar nan har yanzu yana yawo a Babura. Gyaran bai kai can ba tukuna.

Lahadi, 16 ga Yuni, ranar Salla, da yamma

Na kai wa Hajiya gaisuwa da man shanu. An ce tana kwance. Na jira a tsakar gida har la'asar, sannan ta aiko a ce min ta gode, Allah ya raba lafiya.

Alhamis, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Musaddiƙ ya ce in raka shi wata ruga ta wajen Babura, kusa da iyaka, domin matar ba ta jin Hausa. A mota ya yi min bayani. Kafin mai bincike ya zo dole Madogara ta sami sabuwar fuska, wadda labarinta ba shi da ƙura. Wannan karon an ga gawa, an yi jana'iza, akwai shaidu. Wannan karon kuma za a nemi izini a rubuce. Ya nuna min takardar yana jin daɗi, ya ce darasi ne muka koya.

Sunanta Halimatussa'adiyya, ana ce mata Diya. Ba ta wuce ashirin da biyu ba. Tana cikin takaba, da jariri a cinya. Mun kai mata akuya, direba ya ɗaure ta a turke. Idonta bai bar akuyar ba.

Na fassara mata takardar layi layi, ban tsallake komai ba. Za a sa hotonta a kalanda da buhu da mota da waya. Ƙungiya za ta yi amfani da shi duk lokacin da ta ga dama. Babu ranar dainawa. Na maimaita mata wannan sau biyu.

Ta tambaye ni da Fillanci, a hankali, ko in ta ƙi za a kwance akuyar. Na ce a'a, akuya tata ce ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Na ga ba ta gaskata ni ba. Ta kalli motar, ta kalli zanen da ke jikin ƙofarta, ta kalle ni. Ban san ko ta gane ba. Ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda muka ce, mu ne manya.

Musaddiƙ ya riga ya buɗe tawadar dangwale. Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce a bari sai ta fita takaba."

Ya ce, "Saura kwana nawa?"

Na tambaye ta. Arba'in da ɗaya. Ya yi tsaki kaɗan, ya ce mai bincike zai riga mu, amma ba a tilasta wa mai takaba. Ya rufe tawadar ya mayar da kyamara jaka.

Kafin mu tashi na ce mata zan dawo ni kaɗai, in ba ta labarin wata mata, sannan ta zaɓa da bakinta. Ta ce to.

Ƙarya na yi wa Musaddiƙ. Shekara uku ina faɗar wadda aka rubuta min, wannan tawa ce, kuma Litinin zan shiga ofis da ita in gaishe da Hajiya. Akuyar tana ta kuka a turke har muka hau titi.